Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Karatunmu na yau: Ishaya sura 38, da Markus sura 8, aya 22 zuwa 26.

 Muna gaida ku da kuke Sabon Gari da Fagge, da dukan waɗanda wannan murya ta kai gare su a birni da ƙauye. Gaisuwa ta musamman ga wanda yake kwance a gadon asibiti a wannan sa'a, da mai jinyarsa da ya kwana a kan tabarma a baranda. Allah bai manta da ku ba.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana yau, wata jana'iza ce da muka yi wadda har yanzu ba ta bar zuciyarmu ba. Wani dattijo ne na ekklesiyarmu. Ba za mu ambaci sunansa ba, gama iyalinsa suna saurare. Ya fara neman abinci da dako a Kantin Kwari tun yana saurayi, yana sungumar dilar atamfa a kafaɗa, har Allah ya buɗa masa ya sami ɗan tebur nasa. Shi ne mai buɗe ƙofar majami'a kowace Lahadi. Mun san shi da babbar riga, ko a zafin watan Afrilu ba ya rabuwa da ita, muna tsammani son kwalliya ne. Ashe gwaiwa yake rufewa. Shekara takwas yana fama da ita. In dare ya yi sai ya kwanta rigingine ya mayar da ita ciki da hannu, da safe ya ɗaure da ƙyalle ya tafi kasuwa.

Wata ranar Jumma'a ta fito, ta ƙi komawa. Ya sha jiƙo, ya aika kemis aka kawo ƙwayoyi, ya yi addu'a, ya hana matarsa gaya wa kowa. Ran Lahadi muka iske ƙofar majami'a a rufe. Sai ran Litinin da asuba matar ta zo tana kuka, ta ce, "Baba Fasto, ku zo ku gani, amai yake ta yi." Muka ɗauke shi zuwa asibiti, aka shiga da shi ɗakin tiyata, amma hanjin da ya maƙale ya riga ya ruɓe. Bayan kwana biyu ya tafi gida wurin Ubangiji. Likitan ya ja mu gefe ya ce da an kawo shi tun ran Jumma'a, da aikin bai kai haka ba, da kuma an kawo shi tun shekarun baya, da tuni ya manta an taɓa yi masa aiki. Da muka tambayi matar, sai ta ce abu biyu suka hana shi. Na fari kunya. Na biyu, ya taɓa jin wani mai wa'azi ya ce wuƙa ba rabon ɗan Allah ba ce, wanda ya yarda aka yanka shi bangaskiyarsa ce ta kasa.

Mu ma muna da namu laifin. Mun ga tafiyarsa ta sake, mun ga yadda yake zama da ƙyar, ba mu tambaya ba. Saboda haka yau za mu yi tambayar a fili: mai bi da ya je wurin likita, ya tuɓe riga aka duba shi, har ya sa hannu aka yi masa tiyata, ya raina ikon Allah ne?

Bari mu fara da Hezekiya sarkin Yahuza. Ya kamu da maruru har ya kai bakin mutuwa. Ya juya fuskarsa bango ya yi addu'a da hawaye, Allah kuwa ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Amma ku lura da ƙarshen surar. Annabin nan Ishaya da ya kawo saƙon warkarwa, shi ne kuma ya umarta a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun. Hezekiya bai ce tun da Allah ya yi magana me ya kawo ɓaure ba. Ya karɓi alkawarin, ya kuma miƙa jikinsa aka sa magani, Littafi Mai Tsarki kuwa bai ga saɓani a tsakaninsu ba.

Wani zai ce, to, sarki Asa fa, wanda aka zarga saboda ya nemi masu magani sa'ad da ƙafafunsa suka yi ciwo? A koma 2 Tarihi sura 16 a karanta tun daga farko. Asa ya riga ya juya wa Allah baya, ya dogara ga sarkin Suriya, ya jefa annabin da ya tsawata masa a kurkuku. Zunubinsa shi ne ko cikin ciwo ya ƙi neman Ubangiji. Manzo Bulus, wanda Allah ya warkar da mutane da yawa ta hannunsa, yana tafiya tare da Luka, ya kuma ambace shi da sana'arsa ta likita cikin ƙauna a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa. Shi Bulus ɗin ne ya bar abokin aikinsa Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya kuma ba Timoti shawara a kan ciwon cikinsa. Wa zai tashi ya ce Bulus ba shi da bangaskiya?

Dubawa ma ba likitocin zamani suka fara ta ba. A Littafin Firistoci sura 13, mai ƙurji ko tabo a fata sai a kai shi wurin firist. Firist zai duba launin gashin wurin, ya duba zurfin tabon, in bai tabbata ba ya keɓe mutumin kwana 7 ya sake dubawa. Allah ne da kansa ya kafa wannan tsari na a gani da ido, a jira, a sake gani.

Mu Hausawa mukan ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In ka shiga wurin likita, ranar wankan ce ta zo. Zai fara da tambaya: yaushe abin ya soma, ina yake maka ciwo, me ka sha? Faɗa masa gaskiya duka, har da jiƙon da ka sha da ƙwayoyin kemis, gama waɗansu magunguna ba sa shiri da juna. Zai duba idonka da tafin hannunka ya ga ko jini ya ragu. Zai ɗaura maka abin awon jini a dantse. In awon ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ko fiye, hawan jini ke nan, ko da kana jin kanka garau. Hawan jini ba ya sallama. Sau da yawa labarinsa na fari shi ne mutum ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye, sai a ce jifa ne ko iska. Za a ɗiga jininka a gwada sukari. In ba ka ci kome ba tun dare, awon kuma ya kai 126 ko fiye, aka sake gwadawa aka sami haka, ciwon sukari ne. Waɗannan biyu ba a shan maganinsu na mako guda a ajiye. Wanda ya ba da shaida a majami'a cewa ya warke, muna murna tare da shi, amma ya koma a auna kafin ya ajiye ƙwayarsa. Kutare goma da Yesu ya tsarkake, ai wurin firistoci ya aike su a duba.

In kumburi ne a mara ko a maraina, likita zai ce ka tsaya tsaye ka yi tari, yana taɓa wurin. In hanji ne yake leƙowa ta inda bangon ciki ya yi rauni, zai ji ya bugi yatsansa. Wani lokaci yakan haska tocila a jikin kumburin, in ruwa ne kawai ya taru hasken yakan ratsa. Da wannan ɗan binciken na minti kaɗan yake rarrabe abin da zai iya jira da abin da ba zai jira ba. Uwa da ta ji ƙullutu a nono, haka nan. Yawancin irin waɗannan ƙullutai ba daji ba ne, amma babu mai iya rarrabewa da addu'a ko da ido. In kunyar likita namiji ce, kina da iko ki roƙi nas mace ta tsaya tare da ku.

Yanzu sai maganar wuƙa. Tsoronta ba abin mamaki ba ne. Kakanninmu sun san wuƙar wanzami, ba abin kashe zafi, sai jarumtaka da cije baki. Ko a ƙasar Turawa haka abin yake har shekara ta 1846, lokacin da aka fara nuna wa jama'a aikin tiyata da maganin sa barci a wani asibiti a birnin Boston na Amurka. A 1867 kuma wani likita mai suna Joseph Lister, yana aiki a Glasgow, ya bayyana yadda tsabtace rauni da kayan aiki da hannuwan likita yake hana ruɓa. Waɗannan abubuwa biyu suka sake fuskar tiyata a duniya. Mu kuwa in muka buɗe Farawa sura 2, mukan yi murmushi, gama kafin Allah ya ɗauki haƙarƙarin Adamu sai da ya sa shi barci mai nauyi, bayan ya gama kuma ya rufe wurin da nama. Wanda ya yi wannan, shi ne ya ba 'yan adam hikimar bin sawunsa.

Yau aikin gwaiwa da aka shirya shi a natse ba ya cika wuce awa guda. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci, allura ce a wurin ko a gadon baya, yana ji ana hira. A mayar da hanji mazauninsa, a ƙarfafa bangon da ɗinki ko da wata 'yar raga, mutum ya koma gida ran nan ko kashegari, ya huta da ɗaukar kaya masu nauyi na waɗansu makonni. In an ce kada ka ci abinci awa 6 kafin aiki, kiyaye, domin kada abin da ke ciki ya taso ya shiga huhu. Ba ma cewa tiyata ba ta da haɗari. Tana da shi, likitan kirki kuma zai faɗa maka. Amma haɗarin aikin da aka shirya da rana bai kama ƙafar na wanda aka yi a guje da tsakar dare ba.

Ga alamu da muke roƙo kowane gida ya riƙe, domin in sun bayyana ba a jiran gari ya waye. Gwaiwar da ta ƙi komawa, ta yi tauri, tana zafi, ga amai, ba bayan gida ba tusa. Ciwon ciki da ya fara a cibiya ya gangara ƙasa ta hannun dama, da zazzaɓi, wannan yakan zama afendis. Yaron da ya yi mako biyu yana zazzaɓin taifot, sai farat ɗaya cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar katako, mai yiwuwa hanji ya huje. Dattijon da fitsari ya tsaya masa cak, mara ta cika. Mace mai naƙuda da rana ta fito ta faɗi a kanta ba ta haihu ba, ko jini ya ɓalle, ko ta fara jijjiga. A irin waɗannan kada a ba da maganin wankin ciki, kada a tsaya neman wanda zai zo ya ɗora hannu. A yi addu'ar a cikin mota. Ku kuma sani Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ya ƙi karɓar wanda yake cikin halin gaggawa.

Muna so mu daɗe kaɗan a kan maganar haihuwa, gama a nan ne muka fi yin asara. Akwai matan da suke jin in an fiɗa su an ciro jariri, sun kasa a matsayin mata. Akwai masu cewa mace mai bi sai ta haihu kamar matan Ibraniyawa a Masar. 'Yar'uwa, abin da aka yaba a wancan labari shi ne ungozomomi masu tsoron Allah da suka ƙi kashe jarirai, suka cece su da rai. In kan jariri ya fi ƙarfin ƙugu, ko ya kwanta a gicciye, yawan nishi ba zai buɗe ƙashi ba. Kan yakan danne mafitsara a jikin ƙashi har naman ya mutu, jariri ya tafi, uwa ta tashi da yoyon fitsari. Ana gyara wannan a Asibitin Murtala a nan Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da asibitin Jankwano a Jos, da Danja kusa da Maraɗi, muna kuwa gode wa Allah saboda su. Amma rigakafi ya fi magani. A je awon ciki. Kai kuma maigida, sa hannunka a takarda shi ake jira. Kada ka tafi kasuwa ka kashe waya, kada ka ce sai ka ji daga bakin iyaye a ƙauye. Bulus ya ce a ƙaunaci mata kamar yadda Kristi ya ƙaunaci ekklesiya, a daren nan ƙaunar tana iya zama sa hannu da ledar jini guda.

Ba za mu ɓoye ba, akwai abin da ya sa mutanen Kano suke ɗari-ɗari da asibiti. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe dubban mutane a arewacin Nijeriya. A lokacin ne kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Asibitin Zana da ke nan ƙaramar hukumar Fagge. Yara wajen 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Darasin da muka koya shi ne mu riƙa tambaya. Kafin ka sa hannu, ka ce: Likita, mene ne sunan ciwon? Me za a yi mini? In ban yi ba me zai faru? Nawa ne kuɗin? In ba ka jin Turanci, a faɗa maka da Hausa. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kuma ba gaggawa ba ce, nemi likita na biyu. A kuma kula da ɗakunan da ake kira asibiti a lunguna, inda wanda bai koyi aikin ba yake riƙe wuƙa.

Sauran matsala kuɗi ne, kuma a nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Basamariyen nan na Luka sura 10 bai tsaya ga tausayi ba. Ya wanke raunukan, ya ɗaure, ya ɗora mutumin a dabbarsa, ya biya kuɗin masauki, ya yi alkawarin cika sauran. Mun iya tara kuɗin jana'iza cikin kwana biyu, da akwati da abinci da motar kai gawa gida. Da rabin abin da muka kashe wajen binne dattijon nan an tara shi yana da rai, da yau shi zai buɗe mana ƙofa. Muna roƙon dattawan kowace ekklesiya su keɓe asusun marasa lafiya. Zumuntar mata su san kowace mai ciki da watan haihuwarta. Matasa masu lafiya su je a gwada jininsu, su rubuta suna, domin ran da aka nema kada a yi ta yawo. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu su kawo abin awon jini sau ɗaya a wata bayan sujada.

Za mu rufe da karatunmu na biyu. Aka kawo wa Yesu makaho a Betsaida. Ya kama hannunsa, ya fitar da shi bayan gari, ya taɓa idanunsa, sa'an nan ya tambaye shi ko yana ganin wani abu. Mutumin bai yi ƙaryar bangaskiya ba. Ya faɗi gaskiya, cewa mutane suna yi masa kama da itatuwa masu tafiya. Sai Yesu ya sake taɓa shi, ya gani sarai. Da ya ce ya warke don kada a ce bangaskiyarsa ta kasa, da ya koma gida da rabin gani.

Binciken makanta da aka yi a dukan Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa a cikin makafi masu shekara 40 zuwa sama, yanar ido ce ta makantar da kashi 43 cikin 100, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na makantar abin da za a iya hanawa ne ko a warkar. Nan kusa da mu akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda mishan ɗin SIM ta kafa a 1943, ana zuwa cikinsa daga Nijar da Chadi, Kirista da Musulmi a layi ɗaya. Aikin yanar ido bai cika wuce rabin awa ba. A kashe zafin idon, a cire ƙwayar da ta yi hazo, a sa ta roba mai haske a madadinta, irin aikin da likita Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Kada a kai tsofaffinmu wurin masu yawo ƙauye-ƙauye suna tura yanar cikin ido da tsinke, gama da yawa sun rasa idon ɗungum ta haka. Hawan jinin ido kuwa dabam yake, abin da ya cinye ba ya dawowa, don haka wanda ya kai 40 ya je a auna tun yana gani.

Akwai wata tsohuwa a cikinmu da ta yi shekara uku jikarta tana jan ta da sanda zuwa sujada. Bayan jana'izar nan, 'ya'yanta suka yi shawara suka kai ta aka duba, aka ce yana ce. Muna tsaye a wurin da safe aka cire bandejin. Ta ƙifta ido, ta dubi yarinyar da take jan ta, ta ce, "Ashe haka kika girma?" Sa'an nan ta juyo ta dube mu ta ce, "Fasto, kai ma ka yi furfura." Ran Lahadi ta zo da ƙafarta, ta ba da shaida, ta gode wa Allah, ta gode wa likita, ba wanda ya ji ta raba ɗaukakar biyu.

Mai sauraro, me kake rufewa da babbar riga? Mene ne kika yi wata shida kina taɓawa da dare kina cewa zai baje? Gaya wa Ubangiji yau, gobe kuma ka je a yanki kati. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka gina jikunanmu, ka san kowane ƙashi da kowace jijiya. Ka gafarta mana inda muka ga ɗan'uwa yana shan wuya muka yi shiru. Ka cire mana kunyar da take kashewa, da tsoron da yake sa mu jinkiri. Ka ba likitoci da nas-nas da ungozomomi hannu mai natsuwa da zuciya mai tausayi. Wanda za a shiga da shi ɗakin tiyata gobe, ka riga shi shiga, ka kuma fito da shi lafiya. Ka ta'azantar da gwauruwar dattijonmu da 'ya'yansa. Wanda kuma ciwonsa ya fi ƙarfin likita, ka riƙe shi da begen tashin matattu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetonmu. Amin.

Sai mako mai zuwa war haka, in Ubangiji ya bar mu. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.